Layar da Aka Rataya wa Wule

Saniya ɗaya ta rage wa Bappa Saleh daga garken ubansa. Ciwo ya ci wasu, ɓarayi suka kora wasu, makarantar yara ta cinye ragowar. Sunanta Wule, sunan Fulatanci, saboda farin da ke goshinta. A gidanmu na Abbare tana da rumfarta da kwanon kanwarta, kuma ita Bappa yake fara dubawa in ya dawo sallar asuba, kafin ya amsa gaisuwar kowa. A bana ta haifi ɗan maraƙi namiji. Saboda haka in ta tafi, irin ya tafi.

Bappa ƙanen mahaifina ne, shi ya riƙe ni. Ya yi ritaya daga aikin gwamnati, yanzu shi ne na'ibin limamin masallacin unguwa. Wa'azinsa biyu ne, na riba da na giya. In ya gaji da ɗaya ya koma ɗayan.

Da na dawo daga karatu na kawo masa wata 'yar na'ura baƙa, girman sabulun wanka. Ya juya ta a hannu, ya sunsuna.

"Mene ne aikinta?"

"A wuyan Wule za a rataya ta. Taurarin ɗan'adam da ke zagaya duniya suna aiko da saƙo, ita kuma ta saurara, ta lissafa inda take, ta turo wa wayata. Duk inda saniyar ta shiga, za mu ga ɗigo a kan taswira."

"Wato daga sama ana kallon saniyata."

"Ba kallonta ake yi ba, Bappa. Na'urar ce take—"

"Nasiru. Ana kallo ko ba a kallo?"

"Ana kallo," na ce, don shayina ya fara hucewa.

Umma, matarsa, tana tsince shinkafa a ƙofar ɗaki. Ta ce masha Allah, ta ci gaba da aikinta.

Sharaɗi ɗaya Bappa ya kafa. Ba za a rataya wa saniyar gidan ubansa roba tsirara ba, kamar rediyon mai shayi. Ya kai ta wurin baduku. Ta dawo a ɗinke cikin jar fata, da zanen baƙi a gefe, da maɗauri mai kyau. Duk wanda ya gan ta a wuyan Wule ya san me ya gani. Mutane suka fara tsayar da Bappa a hanyar masallaci suna tambayarsa, cikin rage murya, wane malami ne ya rubuta. Yakan ce ba laya ba ce, kimiyya ce. Sai su gyaɗa kai, su ce ai dama manya ba sa faɗa.

Na'urar ta yi aikinta. Kullum da safe mai kiwon unguwa ya zo ya haɗa Wule da sauran shanu ya yi bakin rafi da su. Makon farko Bappa yana sa in buɗe masa wayar yana kallon ɗigon yana tafiya a hankali, har da yi masa magana. Daga baya ya ƙoshi. Ni ma na daina dubawa.

Wata ranar Alhamis, bayan azahar, mai kiwon ya shigo ba sallama, hularsa a hannu. Ya ce Wule ba ta cikin shanu. Ya ce gaskiya takan sulale da hantsi, amma kullum tana dawowa da kanta kafin rana ta take, shi ya sa bai taɓa ɗaga maganar ba. Yau ba ta dawo ba.

Bappa bai kalle shi ba. Ni ya kalla.

Na buɗe wayar. Ɗigon ba ya bakin rafi, ba ya Abbare, ba ya ma cikin Jalingo. Yana kan hanyar Lau, yana gudu.

"Saniya tana irin wannan gudun?" in ji Bappa.

"A mota take."

Ya shiga ɗaki ya fito da sandar kiwon ubansa, wadda rabonta da fita tun ina yaro. A rumfa maraƙin ya fara kuka. Umma ta biyo mu har zaure tana cewa Allah ya tona asirinsu, Allah ya kar ya ba su sa'a.

Maƙwabcinmu John ma'aikacin jinya ne, yana da wata tsohuwar mota wadda ƙofar baya ba ta buɗuwa sai daga waje. Ya dawo daga aiki ke nan, bai ko cire farar rigarsa ba, muka cusa shi a mazaunin direba.

"Baba, in ɓarayin suna da bindiga fa?" ya tambaya bayan mun bar gari.

"Ina da sanda."

"Na ga sandan, Baba. Shi ya sa na tambaya."

"Tuƙa, John. Allura kake yi wa mutane kullum ba ka ji tsoro ba."

Ina gaba riƙe da waya, Bappa yana baya ya zuro kansa tsakaninmu. Duk ramin da muka faɗa sai ya tambaya ko tauraron ya ga abin da ake yi wa talakawa a wannan hanya. Wani wurin sabis ya ɗauke, ɗigon ya tsaya cak. Bappa ya ce sun yanka ta. Sabis ya dawo, ɗigon ya yi tsalle gaba. Ya ce alhamdu lillahi, tana da rai, ta gudu. Ban gyara masa ba.

Can gaba ɗigon ya tsaya, ya ƙi motsi. Muka sha kwana muka tarar da wata ƙaramar mota a gindin tsamiya, an ɗage ta da jak, wani mutum yana durƙushe yana fama da taya. Motar ko akuya biyu ba za su zauna a cikinta da daɗi ba. Mutumin ya ɗago. Hayatu ne, ƙanen Umma, wanda yake saro kifi a Lau yana kawowa gari.

"A'a, Yaya Saleh! Lafiya? Nasiru, kai ma? Wa ya rasu?"

A madubin motarsa jar layar tana lilo.

Bappa ya jira John ya buɗe masa ƙofa daga waje, ya fito da sandarsa, ya zagaya motar. Ya sa Hayatu ya buɗe but ɗin bayan motar. Kwanduna ne da ƙarnin kifi. Duk da haka sai da ya ɗaga kwandunan ya duba ƙarƙashinsu.

"Ina ka samu wannan?"

"Adda ce ta ara mini da safe. Ka san satin da ya wuce an tare mutane a hanyar nan. Ta ce ita ce ke tsare saniyarka, in je da ita in dawo." Ya dubi tayarsa. "Ta ɓarayi ce dai, ina jin. Ba ta ƙusa ba."

A unguwarmu ana aron komai, turmi, babbar tukunya, tsani, kujerun biki. Umma ba ta taɓa cewa babu ba a kan abin da yake akwai, balle ga ƙanenta. Na kira ta, na sa wayar a fili.

"Umma, ke kika cire abin wuyan Wule?"

"Ni ce. Kun same ta?"

"Mun samu Kawu Hayatu."

"To me ya haɗa ku da Hayatu? Saniya kuka fita nema."

"Umma, wayar abin wuyan take bi, ba saniyar ba."

"Kai da bakinka ka ce daga sama ake kallonta. Wata nawa yana kallonta? Har yanzu bai gane ta ba, ga farin goshinta?"

Bappa ya karɓi wayar, ya dube ta, ya miƙo mini. Ya je ya zauna a kan saiwar tsamiyar. A Jalingo saniyar da ta ɓata da rana, in ba a same ta kafin duhu ba, washegari ko tana kan teburin mahauta ko tana cikin tirela ta nufi kudu. Dukanmu mun san haka.

Abu ɗaya ya rage. Na'urar tana ajiye sawun duk inda ta bi tun ranar da aka kunna ta. Na buɗe na jiya, na shekaranjiya, na makon da ya wuce. Kullum abu ɗaya. Da hantsi layi yakan rabu da bakin rafi, ya miƙe sak kamar an ja shi da zare, ya bi ta bayan unguwar Yelwa ya tsaya a wuri ɗaya. Can sai ya dawo. Layin dawowar ba ya miƙewa. Yakan yi hagu, ya yi dama, wata rana ya zagaya fili guda sau biyu kafin ya tuna hanya.

Na canza taswirar zuwa hoton da tauraro ya ɗauka. Rufin kwano mai tsatsa, bishiyoyin mangwaro, wani fili da aka kewaye da zana. John ya leƙo ta kafaɗata, ya yi tari.

"Ka san wurin?" in ji Bappa.

"Ni ban taɓa shiga ba, Baba."

"Ban tambaye ka shiga ba."

"An dai nuna mini. Daga nesa. Gidan Mama Rebeka ne."

"Me take sayarwa?"

John ya dubi Hayatu, Hayatu ya koma kan tayarsa.

"Burkutu, Baba."

Muka juyo zuwa gari. Bappa ya ƙwace layar daga madubin Hayatu kafin mu taso, ya riƙe ta a cinya kamar zai yi mata tambayoyi.

Rana ta yi sanyi lokacin da muka isa. Warin tsami ya tare mu tun daga kwana. Bappa ya sa John ya ajiye motar can nesa, a gaban wani shagon ɗinki, ya ce mu shiga mu fito da ita, shi zai jira.

Wule tana ɗaure a gindin mangwaro, tana tuƙa, idonta rabi a rufe. Gefenta ga fasassun katanga na wata babbar tukunya. Maza suna zaune a kan benci-benci da ƙorai a hannu, rediyo yana yi. Mama Rebeka doguwa ce, da furfura a gaban ɗankwalinta, da muciya a hannu. Ta gaida John da sunansa, ta tambaye shi ya jikin mamarsa. John ya kalli sama.

Na ce mun zo ɗaukar saniyar.

"Naka ne?"

"Ta Bappana ce."

"To Bappanka ya zo." Ta nuna katangar da muciya. "Tun damina saniyan nan yana zuwa. Dusan da na tace na zubar, shi yake ci. Ban hana shi ba, dabba ne. Yau ya sa kai cikin tukunya, ƙaho ya maƙale, ya fasa mini. A wurinmu dabban da ya yi ɓarna ana ɗaure shi, mai shi ya zo da ƙafanshi, ya ga ɓarnan da idonshi, ya yi magana. Ba a aiko yaro."

"Dattijo ne, Mama. Na'ibin liman ne."

"Ni ma dattijuwa ne. Ɗazu wani mahauci ya ce na yayanshi ne. Ya kira, saniya bai ko ɗaga kunne ba. Ya ce zai dawo da yayan da mota kafin magariba. Kai ma kira mu gani."

Na kira. Wule ta ci gaba da tuƙa. Na sake kira da ƙarfi, wani a benci ya ce in gwada da Turanci. Aka yi dariya.

Na koma na gaya wa Bappa komai, har da mahaucin. Ya fito daga motar, ya bi ta bayan zanar inda ba kowa, ya kara bakinsa a wata ɓaraka, ya kira ta da Fulatanci.

"Hoi, Wule! War! War!"

Daga ciki muka ji ta amsa da wani dogon kuka, igiya ta yi ƙara, mangwaro ya girgiza. Sai muryar Mama Rebeka.

"Na ji murya. Murya ba ya ganin tukunya. Mai murya ya shigo ta ƙofa."

Bappa ya tsaya. Ya dubi rana, ta kusa taɓa kan dutse. Ya dubi hanya, inda wata a-kori-kura ta shigo kwana a hankali. Ta wuce, ba ita ba ce. Amma ya bi ta da ido har ta ɓace.

"Mutum nawa ne a ciki?"

"Da yawa."

"Akwai wanda ya san ni?"

"Ban sani ba."

Ya warware hiraminsa daga kafaɗa, ya naɗe kansa da fuskarsa, ya bar ido kawai. Ya ba ni sandar. Ya yi bisimilla, ya tsaya yana tunanin ko ya dace a yi ta a nan, sannan ya sa ƙafar hagu ya shiga.

Bai yi taku uku ba wani tsoho mai gilashi ya miƙe tsaye.

"Oga Saleh! Wallahi Oga Saleh ne! Wannan tafiyan ko a duhu na san shi. Ni ne Peter, na ofis ɗin fayil!"

Aka kashe rediyo. Maza suka miƙe, kowa ya mai da ƙoryarsa bayansa, kamar 'yan makaranta an shigo duba farce. Sannu Malam, barka da zuwa Malam, ya iyali Malam. Bappa ya sauke hiramin, tunda ba shi da sauran amfani, ya amsa gaisuwar ɗaya bayan ɗaya. Ya tambayi Peter ya ƙafarsa, ya ya fansho. Peter ya ce ƙafa da sauƙi.

Bayan wata ganga, ƙafafu biyu sun leƙo, sanye da wasu takalma ruwan ƙasa masu ɗinkin baƙin zare a dunduniya. Ni ma na san takalman. Kullum asuba suna bakin ƙofar masallacinmu, ta dama. Bappa ya dube su na ɗan lokaci. Ƙafafun suka janye a hankali. Bappa ya juya ya fuskanci tukunyar.

Mama Rebeka ta sa aka kawo masa kujera da ruwa. Ya kalli ruwan.

"Na leda ne, Malam. Ban buɗe ba."

Ya karɓa, ya riƙe, bai sha ba. Ya duba katangar tukunyar da kyau, ya ɗauki guda ya juya.

"Baiwar Allah, dabbata ta shigo miki gida ta yi ɓarna. Na gani da idona. Laifina ne, ban tsare ta ba. Ki yi haƙuri."

"Ya wuce. Tukunya dai za ka kawo, irin wannan, na ƙasa, ba na ƙarfe ba. Kai za ka kawo."

"Tukunyar da za a dafa..."

"Tukunya ne, Malam. Abin da saniyanka ya fasa shi za ka mayar. Abin da zan sa ciki nawa ne."

Bappa ya yi tunani, ya ce zai kawo.

"Amma saniyan yana da kirki," ta ce tana kwance igiyar. "Kuma dusan yana kawo nono. Ba ka ga ya ƙaru ba?"

Ya ƙaru. Tun damina Umma take cika ƙwarya biyu. Bappa yana aika wa liman kindirmo duk Juma'a, liman har ya ambaci albarkar saniyar a gaban mutane. Na ga lissafin yana wucewa a fuskar Bappa. Ya fasa ledar ruwan ya shanye.

Ya ɗaura wa Wule layar da hannunsa, ya yi ƙulli uku. Ta bi shi har ƙofa, ta tsaya. Ya ja, ta ƙi. Ya yi mata Fulatanci mai daɗi, ya yi mata marar daɗi. Ta juya kai tana kallon inda ake zubar da dusa.

"Haka ba zai tafi ba," in ji Mama Rebeka. Ta cika wani tsohon baho da dusar, ta ɗora mini a ka. "Kai wuce gaba."

Haka muka ratsa gari. Ni a gaba da baho yana ɗiga mini a wuya, Wule a bayana ta miƙa hanci, Bappa a gefe da igiya da sanda, John can baya yana binmu da mota a giya ɗaya, ya ce ba zai bar maƙwabci a hanya ba, amma gilashinsa a rufe. Masu keke suna rage gudu suna kallo. Duk wanda ya gaida Bappa sai ya amsa da ƙarfi, ya ƙara da cewa saniya ce ta ɓata. Babu wanda ya tambaye shi.

Ana kiran magariba muka shiga Abbare. Maraƙin ya kusa tsinke igiyarsa. Umma ta fito da gudu, ta rungume wuyan Wule, sannan ta ja da baya ta toshe hanci.

"Wannan warin fa?"

"Na Nasiru ne," in ji Bappa. Ya aika a gaya wa ladan ya ja sallah, shi zai yi wanka.

Kwana biyu Wule tana ɗaure a rumfa. Ta ƙi harawa, ta ƙi dusar masara. Da hantsi sai ta juya ta fuskanci Yelwa ta yi ta kuka. Nonon ya ja baya, maraƙin ya fara ramewa. Bappa ya zauna a gabanta a kan turmi, ya daɗe.

"Nasiru."

"Na'am, Bappa."

"Dusar nan. In an shanya ta a rana ta bushe ƙarau, warin ya fita. Mene ne hukuncinta ga dabba?"

"Ban karanta wannan ba."

"To me ka je ka karanto?"

Ya shiga ɗaki, na ji yana sauke littattafai. Abin da ya samu a ciki bai gaya wa kowa ba.

Washegari da safe ya sayi tukunyar a kasuwa, ya hau keke da ita a cinya, ya hana ni raka shi. Ya dawo da buhu biyu. Umma ta shimfiɗa tabarma a bayan rumfa, inda ba a gani daga zaure, ya baza dusar da kansa, ya zauna gefe yana korar kaji.